Abin da Kwaskwarima Ya Yi wa Motar Baba

Tun yayana yana firamare aka laƙaba masa Kwaskwarima, kuma sunan yana nan har yau da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ita ma furfurar baƙi yake shafa mata, ba sai an faɗa ba. Bai taɓa ganin abu ya ƙyale shi yadda yake ba. Rediyon gidanmu ya taɓa shafe ta da jan farce, maɓallin ya daskare a tasha ɗaya, muka shekara muna jin labarin farashin hatsi. Keken da aka saya masa kuwa madubai ya jera mata har ba ya ganin gabansa, ya je ya faɗa kwata.

Da ya girma sai ya buɗe shago a bakin titi, yana sayar da sitika, rigar sitiyari, lasifika da fitilu masu walƙiya. Ba bakanike ba ne, ko fulogi bai iya canzawa ba, amma in ya fara zancen mota sai ka rantse shi ya ƙera ta. Samarin da ke zaman banza a bencin shagon suna kiransa Injiniya, shi kuma yana amsawa ba kunya.

Abu ɗaya ne a gidanmu ya tsira daga hannunsa muddin Baba na raye, wato motar Baba. Tsohuwa ce, ruwan ƙasa, giyarta a jikin sitiyari, kujerar gaba doguwa kamar benci. Baba ya saye ta tun yana sabon ma'aikaci a gidan waya, kuma ko ƙusa bai yarda an sa mata wadda ba irin tata ba. In aka kashe ta sai injin ya yi tari sau biyu kafin ya yi shiru. Ƙofar direba kuma ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta sannan a buga. Da wannan tarin da wannan bugun Inna take sanin mai gida ya dawo, ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Ciwon suga ya cinye idon Inna kafin Baba ya rasu. Bayan rasuwarsa na dawo gidan da yarana don in kula da ita. Wata rana da yamma na tayar da motar don kada batir ya mutu, da na kashe na buga ƙofa na shigo, sai na tarar da Inna zaune a bakin taga, fuskarta a sake, abin da na daɗe ban gani ba. Ta ce, "To, ɗora ruwan shayi." Daga ranar ban sake fashin tayar da motar da yamma ba. Ba ta ruɗe ba, ta san mijinta ya mutu. Abin da ya rage mata kenan nasa da kunne zai iya kamawa, kuma shi take jira tun safe.

Sai Kwaskwarima ya fara zarya. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da makulli, yana girgiza kai kamar likita.

"Wannan ai ɓarna ce," in ji shi. "Mota irin wannan a waje gyara ta ake yi. A sa mata sabon inji, a sa na'urar sanyi, a rage mata tsawo. Ke ba ki san duniya ta ci gaba ba."

Na ce, "Yaya, ka bar ta yadda Baba ya bar ta. Inna na jin daɗinta haka."

"Inna ai ba gani take ba. Kuma birkin fa? In ta kwashe yaran mutane a layi, ke za ki amsa?"

A nan kam ya yi gaskiya, birkin ya lalace, kayansa kuma sun yi wuyar samu. Na ce a gyara birki kawai. Ya dafa ƙirji ya ce birki kawai, ya rantse, ya durƙusa gaban Inna ya karɓi makulli. Ta ce masa, "Kada ka daɗe da ita."

Ya daɗe. Kullum yamma Inna na bakin taga, kullum ina ce mata ana jiran kaya. In na kira shi sai ya ce, "Ke dai ki shirya ganin abin mamaki." Ni kuwa na san abin mamakin yayana tun daga kan rediyo.

Ranar da ya dawo da ita, tun daga bakin layi tagoginmu suka fara rawa. Ja ce yanzu, jawur, da wani baƙin zane a gefe wai harshen wuta. Cikinta har yana shafar ƙasa, sai da samarin shagonsa suka sa katako kafin ta haye dakalin ƙofa. An cire bencin an sa kujeru biyu na wata motar da ta yi haɗari. Bayanta cike da lasifika. Ya fito da baƙin tabarau yana baza hannu, yana jiran tafi. Garin neman ƙiba an samo rama, shi kuma gogan ko a jikinsa.

Inna ta ce a kai ta. Na riƙe hannunta har gareji. Ta lalubi hannun ƙofa inda ta san yake, ba ta same shi ba, an shafe wurin, wai yanzu da rimot ake buɗewa. Ta ce, "Tayar in ji." Ya tayar, salansar ta yi gurnani kamar injin niƙa. Ta ce, "Kashe." Ya kashe, injin ya ɗauke ɗif. Ta tsaya da kunnenta a karkace tana jiran tarin. Ya rufe ƙofa, ta rufu a hankali, ko kuda ba za ta kora ba.

"Ta yi kyau, ko Inna?"

"Wataƙila," in ji ta. "Ka mayar wa mai ita, ka yi masa godiya. Ka dawo min da ta babanku."

Ya yi dariya, ya duba bai ga mai taya shi ba, har samarin nasa sun sunkuyar da kai. Washegari da sassafe ya garzaya wurin bakaniken da ya yi aikin, wai a mayar da tsohon inji. Bakaniken ya ce ai shi da bakinsa ya ce a ba 'yan gwangwan, da injin da bencin da ƙofar duka, kuma sun daɗe da kwashewa. Ya bi su har inda suke tara ƙarafa, aka nuna masa fili, an riga an loda an tafi narkarwa.

Yanzu jar motar tana ƙofar shagonsa, ba ta iya shiga yawancin layuka saboda cikinta na kama ƙasa. Yana nan yana amsa Injiniya. Abu ɗaya ne ya canza, ya daina zuwa gidanmu da yamma, sai da hantsi, ya gaisa a tsaye ya fice. Ba ya so ya tarar da Inna a bakin taga.

Jiya dai rana ta ƙure masa, ya shigo tana zaune a wurin. Ta gane takunsa tun daga tsakar gida.

"Ka zo da ita?"

Ya kalle ni, wai in cece shi. Na kau da kai.

"Gobe, Inna," in ji shi.

Ta juya wajena ta ce, "To, bar ruwan shayin tukuna."