Shayin Hassumi Ba Ya Kaiwa Na Uku

In ka je unguwar Dokki a Alƙahira ka tambayi tsofaffin mutanenmu abin da ya raba Masar da sauran ƙasashen Larabawa a shekarar saba'in da tara, za ka samu wanda zai rantse maka cewa Hassumi mai shayi ne. Wai ran nan manyan Larabawa sun fi ashirin suna zaune ana shawara, sai Hassumi ya zuba gishiri a buta maimakon sukari. Kowa ya kurɓa ya fesa wa na kusa da shi a gemu, aka tashi baram-baram, kafin la'asar babu sauran kujera a jirgin sama.

Ƙarya ce tsagwaronta. Ni na fi kowa sani, don ni na ƙaga ta. Hassumi ɗan kawuna ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, wato taubasai muke, kuma tun muna yara a Tasawa aikina ke nan, in ɗora masa abin da bai yi ba. Mutumin da ke gane sukarin da ya kwana a buɗe daga ƙamshinsa, ina zai zuba gishiri? Rabuwar dai ta shafe shi, amma ba ta nan ba.

Tare muka zo karatu a farkon shekarun saba'in. Ni nahawu ya kore ni a shekara ta biyu, na koma sayar da turare da carbi. Shi ya fi ni taurin kai, sai da ya kai uku. Daga nan ya samu aiki a wani ƙaramin ofis na haɗin kan kasuwanci tsakanin ƙasashen Larabawa, a wani tsohon gida mai lambu a Dokki. Can ake rubuce-rubucen wa zai sayar wa wa auduga, wa zai sayi siminti. Aikin Hassumi biyu ne: riƙe makullai da dafa shayi.

Shayin kuwa irin namu ne na gida, ba irin na Misirawa da ake watsa ganye a kofi a kwara ruwan zafi ba. Ƙaramar buta, gawayi, kumfa har ta yi hula. Sau uku ake zubawa daga ganye ɗaya. Na fari da ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi da na'a-na'a. Na uku ba a ba ɗan wucewa, na wanda ya zauna ne har aka gama hira. Ma'aikatan ofis, daga na Sham har na Magrib, da farko sun yi ta cewa “Yalla, yalla, ya Hassumi!” Daga baya su suka koyi jira.

Amma kofin farko na zubi na uku ba nasu ba ne. Na Zeinabu ne, matarsa, 'yar Maraɗi. Ita tana aiki a gidan shugaban ofishin, tana kula da tsohuwarsa wadda ƙafa ta mutu. Kullum bayan la'asar sai ta biyo ta ƙofar baya, ta zauna kan wani kwandon lemo da aka kife, ya miƙa mata. Allah bai ba su haihuwa ba. Ni kuwa nakan ce musu ai ga butar nan, su raɗa mata suna a huta.

Da shugaban Masar na lokacin ya ɗauki hanyar sulhu da Isra'ila, gari ya rabu biyu, bakin gawayin Hassumi ma ya rabu. Ɗalibanmu sukan taru can da hantsi. Wani ya ce mutumin nan ya sayar da 'yan uwansa da rana tsaka. Wani ya ce to su 'yan uwan, 'ya'yansu nawa suka binne a yaƙi? Mai gadin gidan da ke kallon ofis, wani Bamisire da ɗansa ya tafi yaƙin saba'in da uku bai dawo ba, cewa yake yi, “Khalas, mun gaji. Wanda ke son yaƙi ya kawo nasa ɗan.” Saboda tausayin tsohon nan Hassumi ya goyi bayan shugaba. Har hotonsa ya liƙa a jikin akwatin sukari. Ni na ce ya yi rawa a titi da buta a ka, amma wannan ƙari ne nawa.

Sai ƙasashen Larabawa suka taru suka dakatar da Masar daga cikinsu. Aka ce ofisoshin haɗin kai su bar Alƙahira, ofishin su Hassumi zai koma Tunis. Tsohuwar shugaban ofis ta ce ko a makara aka sa ta ba ta tafiya sai da Zeinabu. Shugaban ya kira Hassumi ya roƙe shi: Zeinabu ta raka su, shi kuma ya zauna da makullai, don akwai kujeru da takardun da ba za a iya kwasa ba.

A nan ɗan kawuna ya yi kuskuren Bahaushe. Ya ɗauka faɗan ƙasashe irin faɗan gidanmu ne, inda in 'yan uwa sun ɓata, kafin sati dattawa sun zaunar da su an sha fura.

Ya ce mini, “Harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya. Wata biyu ya yi yawa.”

Na ce, “Kai da ka kasa gama nahawunsu, yaushe ka gama sanin zuciyarsu?”

Ya ce, “Rufe mini baki, bawana.”

Ranar tafiya ina wurin. Zeinabu ta zo da ƙullin kayanta, ta zauna kan kwandonta. Ya zuba na fari, ya zuba na biyu. Yana cikin tsinka na'a-na'a motar filin jirgi ta yi ham a ƙofa. Ta ce, “Malam, ko in tsaya?” Shayin take nufi ko tafiyar, ban tambaye ta ba. Ya ce, “Je ki, kada ki tsai da mutane. Na ukun in kin dawo.” Ya sauke butar.

Tun ran nan shayin Hassumi ya tsaya a biyu. Ɗalibai sun yi ƙorafi, ni na yi shela cewa rowa ce ta kama shi, wai yana shanya ganyen yana ɗinka katifa. Bai kula mu ba.

Wata biyu suka wuce, shekara ta wuce. Zeinabu ba ta rubutu, sai kaset take aikowa a hannun matafiya. Rikodata ce kaɗai a cikinmu, don haka ni ma na sha jin abin da ba nawa ba. Takan ce sanyin garin ya shiga ƙashinta, ba ta samu mai jin Hausa ba sai wani direba da ta gani sau ɗaya. Takan ce ta yi wa tsohuwa alkawari ba za ta bar ta a hannun baƙi ba. A ƙarshe kullum sai ta ce, “Malam, kada ka bari gawayi ya jiƙe.” Shi yana riƙe da amanar makullai, ita tana riƙe da amanar tsohuwa, waɗanda suka ba su amanar kuwa suna can suna zagin juna a rediyo.

Hoton nan na akwatin sukari bai yage shi ba, juya shi ya yi ya fuskanci bango. Da aka harbe shugaban Masar ɗin a wurin fareti a tamanin da ɗaya, na zata gari zai tsage da kuka. Shiru aka yi, mutane suka ci gaba da cinikin ragunan layya. Waɗanda suka yi masa tafi jiya suka ce dama su ba su taɓa yarda da shi ba. Wani ɗalibi ya tambayi Hassumi ra'ayinsa. Ya ce, “Allah ya jiƙan musulmi. Wa zai ƙara na biyu?”

A tamanin da uku mai gidan da ofis ke haya ya karɓi gidansa, ya canza ƙofofi. Ba sauran abin tsaro. Hassumi ya fito da kurfotin gawayinsa bakin titi, gindin bangon gidan, kuma a karon farko ya ce zai bi matarsa. Ya yi wata uku yana zirga-zirgar gyara takardunsa, don har lokacin na ɗalibta yake riƙe da su. Tafiyar ma a lokacin sai an zagaya ta wata ƙasa. Ya gama shiri, saura kwana goma ya tashi.

Nan ne wurin da ba na son rubutawa. Wani mai sayen turare ya ce mini ya ji ana maganar za a yi taron sulhu. Iyakar abin da ya ce ke nan. Kafin in iso Dokki labarin ya yi ƙiba a bakina, yadda ya saba.

Na ce, “Albishirinka! An gama magana. Bayan Babbar Sallah duk ofisoshi za su dawo. Daga bakin na kusa da manya na ji.”

Ya ajiye kofi ya dube ni. “Ma'azu, ba wasa ba?”

Na ce, “Wane irin wasa? Kana tashi tana tasowa, sai dai ku ɗaga wa juna hannu a sama.”

Duk duniya ba wanda ya san ƙaryata kamar Hassumi. Amma wannan yana son ta zama gaskiya. Ya fasa tafiya, ya sayi sabuwar buta, ya aika mata kaset cewa ta ɗaure kayanta.

Sallah ta wuce, ba ofishin da ya dawo. Bayan sati uku wasiƙa ta zo daga shugaban ofis. Zeinabu ta rasu. Ciwon ƙirji ne, kwana shida ta yi. Da ya tafi ranar da ya sa, da a hannunsa za ta cika. An binne ta can, a wata maƙabarta da bai san sunanta ba. Tsohuwar da aka tafi dominta sai da ta ƙara shekara huɗu a duniya.

Na zauna zaman makoki ina jira Hassumi ya zage ni, ko ya jefe ni da butar, ya ƙi. Bayan kwana bakwai ya koma bakin gawayinsa. Tsofaffin makullan suna aljihunsa har yau, ba sa buɗe komai. Ni kuma na rasa yadda zan yi da shi, sai na koma abin da na iya. A lokacin ne na ƙaga labarin gishirin nan, ko zai yi dariya. Wani lokaci yakan yi murmushi, sai in ji kamar an sauke mini dutse.

Bana, shekarar tamanin da tara, aka mai da Masar cikin 'yan uwanta. Jaridu suka cika da hotunan manya suna rungumar juna. Waɗanda suka yi shekara goma suna cewa Masar ba ta buƙatar kowa suka ce ai dama jini ɗaya ne. Na ɗauki jarida na nufi Dokki. Na same shi yana fifita gawayi, gemu ya yi fari fat, kwandon lemon nan a kife gefensa, ba mai zama a kai.

Na ce, “Sarkin gishiri, mai raba ƙasashe! Ɓarnar da ka yi an gyara. Ga shi nan sun shirya, yadda ka ce, wata biyun ne dai suka yi tsawo. Yau kam sai ka zuba mana na uku.”

Ya karɓi jaridar, ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ninke ta ya ci gaba da fifita wuta da ita.

Ya ce, “Su ai dole su yi dariya, ba wanda ya binne matarsa a cikinsu. Kai kuma, Ma'azu, albishir ɗinka na ƙarshe da na yarda da shi yana kwance a Tunis. Shanye na biyunka ka ba ni kofina.”