Yatsa a Cikin Kofin Ruwa: Jinjina ga MaMpofu

Shekara ashirin da bakwai Sithembile Mpofu, wadda kowa ke kira MaMpofu, tana zaga shagunan sayar da karnuka, kyanwoyi da tsuntsaye a Bulawayo. Ita ke dubawa ta sa hannu kafin a sabunta wa mai shago lasisi. In ta shiga, ba ta fara gaida kowa. Keji take nufa, ta tsoma yatsa a kofin ruwa. Shi ya sa suka laƙaba mata Mai Yatsa.

Baba Dliwayo, wani tsoho mai sayar da tsuntsaye, ya fi kowa tsokanarta.

"Mai Yatsa, tsuntsu kike gaisarwa kafin babanki?"

"Baba, kai na ga ka sha shayi. Su ne ban sani ba tukuna."

Kofunansa kullum a cike suke, har ranar da yatsanta ya taɓa busasshen ƙarfe. Ta duba na biyu, haka. Ƙasa kuwa jiƙe take sharkaf.

"Da safen nan na cika su," in ji shi.

Gaskiya ya faɗa. Ya zuba, amma a gefe, domin idonsa ya tafi bai gaya wa kowa ba. Tsuntsaye biyu na kwance a mace bai gan su ba.

Ya lalubo hannunta. "Ki sa hannu, 'yata. Tun rasuwar matata su kaɗai ke yi mini magana."

MaMpofu, ke ce kika ƙi sa hannun. Tela maƙwabcinsa ya ga fitowarki, ya ce kin daɗe a jikin bango kina share hawaye. Ke ce kuma kika bi gida gida har kowane tsuntsu ya sami mai riƙo, kika bar masa tsohon akunsa, tunda ajiye shi a gida ba ciniki ba ne. Shagon ya rufu. Duk Asabar kina zuwa ki duba ruwan akun, shi kuma ya juya miki baya. Shekara biyu bai amsa gaisuwarki ba.

Makon jiya aka yi wa MaMpofu walimar ajiye aiki. Ana cikin cin tuwon masara sai ga Baba Dliwayo, ƙanwarsa na riƙe da shi.

"Ina Mai Yatsa?"

"Ga ni, Baba."

"Ki huta da zuwan Asabar. Ki zo hira kawai." Ya ɗaga yatsansa. "Na koya. Yanzu ni ma da shi nake gani."

Mun gode, MaMpofu, da mu da waɗanda ba su da bakin godiya. Ku kuma da za ku gaji aikinta, ku duba takarda, amma ku fara tsoma yatsa.