Kyamara a Cikin Jaka

Kano zuwa Madina

Ba a kira assalatu ba muka bar gida, ni da Nasiru mai ɗaukar hoto. Fim nake haɗawa kan rayuwar kakana, Malam Hadi, wanda ya taka da ƙafa har Madina, ya ƙare kwanansa yana karantarwa a gonar dabino. Duk waɗanda suka zauna gabansa sun rasu, sai Baba Ilu, tsohon mai ban ruwa a unguwar Awali ta Madina. In babu muryarsa, babu fim.

A Jidda jami'i ya juya kyamara, ya juya takardar izini, har na fara zufa, sannan ya ce mu wuce. Jirgin ƙasa ya kai mu Madina. Muka sauka a unguwar Sultana, saman wani gidan abinci, ƙamshin gasasshiyar kaza har cikin matashin kai.

Awali

Washegari da la'asar tasi ta ajiye mu bakin katangar gona. Baba Ilu na kan tabarma. Da ya ji sunan kakana sai ya gyara zama.

"Jikar Malam? Ahlan, ahlan. Matso, 'yata, idon ya tafi."

Aka kawo gahawa da dabino. Nasiru ya kai hannu jakar kyamara, na harare shi. A gidanmu ba a zuwa gaida dattijo ran farko a fito masa da buƙata, balle a kafa masa ƙarfe a gaba.

Ai kuwa tsohon ya ɓalle da labari. Yadda Malam ke biya karatu ƙafarsa cikin laka, yadda yake kuka in ya juya wajen Masallacin Annabi. Har wata addu'a ya rera da irin muryar Malam.

Nasiru ya raɗa min, "Hajiya, ko waya ce in kunna."

"Kul! Gaisuwa muka zo."

Da za mu tashi Baba Ilu ya ce, "Bukra, gobe in sha Allahu. Ai ban ma fara ba."

Baƙi'a

Da hantsi muna haɗa kaya ɗan Baba Ilu ya kira. Haifaffen nan ne, Hausarsa a tsinke.

"Baba tawaffa, ya rasu, Allah yarhamu. Salla bayan zuhur, a Haram, Masallacin Annabi."

Mata ba sa shiga maƙabartar Baƙi'a. Na tsaya jikin shinge ina kallon ana wucewa da shi. Da Nasiru ya fito na ce ya nuna min kabarin, ko daga nesa.

"Hajiya, duwatsu ne, duk iri ɗaya. Ba suna. Na Malam ma haka."

Muka koma gonar, muka ɗauki hoton bishiyoyi da tabarma.

Gida

A jirgi na yi ta neman karin addu'ar nan a kaina, ya ƙi zuwa. Mun sauka lafiya, alhamdu lillahi. Allah saka wa iyalan Baba Ilu, ya jiƙansa.

Inna, autar Malam, tana zaure tana jirana. Ko sannu da hanya ba ta ƙarasa ba ta miƙo hannu.

"Kunna min in ji abin da ya ce kan Babana."