Ustaz Bulbul Aman da Gangaren Makaranta

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Afrilu, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Ustaz Bulbul Aman, malamin kimiyya na makarantar ƙauyenmu, bayan gajeriyar jinya.

Ustaz, ni da na zauna a ajinka kafin in gaji allonka, na shaida ba ka taɓa koyar da motsi a zaune ba. Kakan kwashe mu zuwa rafi ka jefa kara, ka ce ga tafiya a miƙe. Ka kai mu wurin dutsen niƙan da ruwa ke juyawa, ka ce ga kewaye. A gadar igiya kuwa sai ka tsaya tsakiya ka girgiza ta, muna ihu kana dariya, ka ce wannan shi ne lilo, duk wanda ƙafarsa ta yi rawa ya gane darasi. Yaran da suka tako daga nesa cikin ƙanƙara, a gidanka suke shan shayin gishiri kafin su shiga aji.

Motsi ɗaya ne ya hana ka sukuni, wanda ido ba ya kamawa. Ka kafa turaku a jere a gangaren da ke saman makaranta, da shekara ta zagayo layin ya karkace. Ka gaya wa dattawa cewa magudanar da ke shayar da gonakin sama tana tsiyaya cikin ƙasa, gangaren yana saukowa a hankali, ko a toshe ta ko a ɗauke makarantar. To, magudanar da kakanni suka sassaƙa a jikin dutse, kowane gida da ranar ban ruwansa, wa zai taɓa ta? Haji Mirza Wali, babban dattijonmu, ya ce maka, "Ustaz, karatu ya yi maka yawa. A gindin tsaunin nan aka haifi kakana."

Jiya a zaman makoki Haji ya miƙe da hawaye, ya sanar cewa an sa wa makarantar sunanka, kuma don girmama ka ba za ta taɓa gusawa daga inda ka koyar ba. Kowa ya ce madalla. Ni kam sai na ɗaga kai na dubi gangaren. Ƙanƙara ta fara narkewa, ruwa zai cika magudanar, gobe kuma ni zan buɗe aji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Bibi Shahnaz da 'ya'yanka. Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya ba su haƙuri. Ya Allah, ka riƙe tsaunin nan, akwai yara a ƙarƙashinsa.