Shekarar da Shanu Suka Cinye Ajina

Ba a daɗe da samun ƴancin kai ba aka tura ni koyarwa wani ƙauye arewa da Tawa, a kan hanyar Afala. Lakwal ɗin, wato makarantar, ɗaki ɗaya ne na laka, sai rumfar kara da ake sakewa kowace kaka, don damina ba ta barin komai nata sai dirkoki. A wannan rumfa nake koyar da ƙananan yara.

Direktan da na tarar yana shugabancin lakwal ɗin dattijo ne mai ciwon gwiwa da son surutu. Da an fara yankan gero sai ya sallami yara da hantsi, ya ce in ɗauko malafata. Gona-gona muke bi. Ya gaida mai gona, ya tambayi iyali, ya yabi hatsi ko da zangarniyar ba ta kai tafin hannu ba, ya sha fura har cikinsa ya ɗaure. Sai mun miƙe za mu tafi yake cewa, kamar yanzu abin ya faɗo masa, "Af, ɗiyanku hwa ba su da inuwa." Kafin ka ankara damman kara sun taru a bakin lakwal. Shi ke riƙe dirka, ni ina ɗauri da igiyar kaba. Ina ta gunaguni a lokacin, amma ko zazzaɓi ba ya hana ni shiga aji, kuma yaron da ya yi fashi har gida nake bin sa.

Aka ɗauke dattijon, aka kawo mana saurayi daga birni, da usur a wuya da agogo a hannu. Ba mugu ba ne, ya dai yarda da agogonsa fiye da kowa. Na gaya masa lokacin neman kara ya yi, don makiyaya sun kusa saukowa daga arewa, manoma kuwa sukan bar musu karan gona, dabbobi su ci su bar taki. Ya ce ma'aikacin gwamnati ba ya yawon roƙo, ko da ranar hutu ce, zubar da mutuncin lakwal ne. Ya aika wa maigari umarni a kawo kara. Maigari ya ce to. Duk wanda ya zauna ƙasar nan ta Adar ya san irin wannan to ɗin.

Shanu suka sauko, suka share gonaki tas.

Haka na shiga sanyi da yara a tsakanin dirkoki tsirara, allo jingine da ɗaya. Da safe hannuwansu ba sa iya riƙe alli, da hantsi rana ta dafa mana kai. Iyaye suka fara riƙe ƴaƴansu a gida, ban kuma ga laifinsu ba. Direkta ya leƙo ya ga aji ya zube, ya yi mini faɗa a gaban waɗanda suka rage. Ranar na gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ran kasuwa na haɗu da wani tsohon manomi da ke ba mu kara kowace shekara. Ya riƙe hannuna, ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, lahiya dai? Na ɗaure maku dammanku, na aza bisa rumbu, muna ta dubin hanya. Da munka ga ba wanda ya zaka gaisuwa, munka ce ko kun samu wani wuri. Na sauke ma bisashe."

Na ce, "Allah shi saka, Baba." Na kama hanya.

Na yi shekaru masu yawa ina koyarwa bayan nan. In an busa usur in shiga, in an busa in fita, ban kuma sake taka ƙofar gidan yaron da ya yi fashi ba. Da kakar da ta biyo bayan shekarar shanun ta zagayo, direkta ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce to, bana in je in nemo karan nan. Na ce masa ya aika wa maigari.