Duk Sunansu Kaka

Aikina na farko bayan na gama karatu a wani ƙaramin buro ne, wato ofis, a Tawa, inda ake tara muryoyin tsofaffin matan Adar: waƙoƙin daka, sunayen irin gero, labarin rijiyoyin da suka ƙafe. Matasa suna shiga ƙauyuka su ɗauko da waya, mu kuma mu adana a na'ura.

Akwai wata manhaja mai basira da take tsara mana ajiyar da kanta. An ba ta kayan aiki, wani na kwafa, wani na jerawa, wani na gogewa. Ba ta ganin cikinsu. Bayanin da aka rubuta a kan kowanne take karantawa, ta yarda, ta yi aiki. Ni aka ɗora wa duba bayanan nan, in faɗi ko sun isa.

Na so aikin. Wani lokaci nakan sa muryar wata tsohuwa a kunne ina karatu, har in manta inda nake.

Bayanin na gogewar layi ɗaya ne: yana cire abin da aka maimaita don a sami wuri. Bai faɗi yadda yake gane maimaici ba, ko yana tambaya kafin ya goge, ko abin da ya goge yana dawowa. Na nuna wa abokin aikina, wani mutumin Maraɗi da yake kula da na'urorin.

"Malama, ke ko tsintsiya aka ba ki sai kin nemi takardar haihuwarta," in ji shi.

"Tsintsiya ai da mutum a bayanta, Malam. Wannan fa, wa ke riƙe da shi?"

Ya yi dariya, amma ya yarda. Na rubuta cewa bayanin bai isa ba, shi kuma ya aika wa waɗanda suka ƙera abin tambayoyina. Muka zauna jiran amsa, hankalinmu kwance. Ba wanda ya tuna cewa kayan yana nan a hannun manhajar.

Bayan an cire amfanin gona, matasan suka dawo daga Barmu da Afala da muryoyi masu yawa. Ajiya ta cika, manhajar ta yi abin da bayanin ya ce. Ashe da suna kaɗai kayan gogewar yake gane maimaici. Su kuwa matasan nan ƴaƴan tarbiyya ne, ba wanda zai dubi sa'ar kakarsa ya ce mata yaya sunanki. Sai su rubuta "Kaka, Barmu", "Kaka, Afala". Kowane gari aka bar masa murya ɗaya. Wayoyin ma an riga an share su don fita ta gaba.

Muryar kakata tana cikin na Barmu da aka goge. Ta yi wata waƙar daka da ta gada wurin mahaifiyarta. Na taɓa jin farkonta, na ajiye sauran sai ranar da na sami natsuwa.

Na shiga mota na tafi. Na iske ta tana ɓarar gujiya a inuwa.

"Kaka, waƙar nan za ki sake mini."

"Ke ƙawata, ba na ba ku ba? Kun ce abin naku ba shi mantuwa."

"Ya manta."

"Ashe shi ma ya tsuhwa!" Ta yi dariya har da tari.

Ta gyara zama, ta fara. Ta yi baiti biyu, sai ta tsaya tana kallon katangar maƙwabta. Ta ce ranar da aka ɗauka, maƙwabciyarta ce take mata amshi, tana tuna mata abin da ya biyo. Tun suna amare tare suke daka. Maƙwabciyar ta rasu kafin Sallah.

"Rabin yana wurinta," in ji Kaka. Ta ci gaba da rera sautin ba kalmomi, hannunta yana ɗagawa yana sauka kamar da taɓarya.

Na ɗauki abin da na samu. A hanyar dawowa na yi ta saurare, duwatsun Adar suna wucewa ta taga.

Yanzu bayanin ya faɗi komai, kuma ba a gogewa sai mutum ya amince. Da na zo ajiye muryar Kaka, na daɗe ina kallon gurbin suna. Ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. Na rubuta shi, da na maƙwabciyarta a gefe, duk da muryarta ba ta ciki.