Tafintan da muryarsa ta ɗauke

'Yan'uwa, salama a gare ku. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Waɗanda suka turo saƙo ban amsa ba, ku gafarce ni, jinya na yi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne tafinta a ikkilisiyarmu ta Tudun Wada. Fasto ya yi wa'azi da Turanci, ni in juya da Hausa saboda tsofaffinmu. Aikin da na iya yi wa Ubangiji ke nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da shi.

Da dishewar murya abin ya fara. Na ɗora laifin a kan lasifikarmu da ta lalace, don sai na yi ta ɗaga murya kamar ɗan kamasho a tashar motar Kwangila. Matata Rifkatu ta yi ta dafa mini citta da kanumfari tana zuba zuma. Na sha har na gaji.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai wasu 'yan'uwa suka ce Shaiɗan ne ke son rufe bakin bawan Allah. Gaskiya maganar ta yi mini daɗi. Na shiga azumi, maƙogwaro a bushe, kowace Lahadi ina ƙara ƙarfin murya wai don in kunyata shi.

Wata Lahadi Fasto yana wa'azi a kan halin da ya dace da mai hidimar mulkin Allah. Ya ambaci tawali'u, ya dakata don in fassara. Na buɗe baki, iska kawai ta fito.

Bayan an tashi Fasto ya ja ni gefe ya ce, "Malam Yakubu, addu'a ba za mu fasa ba, amma gobe asibiti za ka. Ni zan kai ka."

A babban asibiti muka yanki kati, muka wuni a layi. Aka zura mini siririn tiyo mai kyamara ta hanci. Likita ya ce, "Akwai tsiro daidai inda murya ke fita. Sai mun cire mun kai gwaji kafin mu san ko ciwon daji ne. Me ya sa ka bari ya kai haka?"

Na ji tsoro, tsoro sosai. Rifkatu ta sayar da keken ɗinkinta, zumuntar matan coci suka cika sauran, aka yi aiki. Aka hana ni magana, ko raɗa.

Sakamako ya fito, ba daji ba ne. Amma likita ya ƙara da cewa, "Muryar za ta dawo, sai dai ba irin ta da ba. Tsayawa gaban taro kana ɗaga ta, ka manta da shi."

Rifkatu tana ta yi wa Allah godiya, ni kuwa kuka nake yi.

Da na koma coci, na tarar wani ɗan'uwa malamin makaranta yana fassara. Ya kuma iya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na wuce bencin baya na zauna ina cika ina batsewa, kusa da Baba Ishaya, wani tsoho mai nauyin kunne.

Can ya zungure ni ya ce, "Ɗana, me suke cewa? Ni fa na daɗe ba na jin komai, ko lokacin da kai kake ihunka. In na ga bakin mutane ya motsa, sai in ce amin."

Na kai bakina kusa da kunnensa, da 'yar muryar da ta rage mini, na fara faɗa masa. Yana ji yana gyaɗa kai.

Har yanzu in na dubi gaban coci zuciyata tana sosuwa. Ku sa ni a addu'a a kan wannan.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai. Na gode wa Rifkatu, da Fasto, da iyayenmu mata.

Don Allah, in muryarka ta dishe ta ƙi dawowa, ka yi addu'a, ka kuma je likita ya leƙa. Kada ka yi ta ihu a kan ciwo kamar yadda na yi.

Mai nemana ranar Lahadi ya zo bencin baya. Ina gefen hagun Baba Ishaya, don kunnen nan ne mai ɗan ji.